Yadda Mai Gudun Motsa Jiki Zai Ƙara Sauri Ba Tare da Ya Cuci Kansa Ba



Duk wanda ya fita da sassafe a manyan garuruwan ƙasar nan, ko Kano ko Kaduna, ko Ikko ko Abuja ko Fatakwal, ba zai rasa ganin mutane suna sassarfa a gefen titi ba. Akwai ma'aikacin ofis, akwai ɗan kasuwa da ɗalibi, akwai mata ƙungiya-ƙungiya, har da dattijon da likita ya umurta ya rage ƙiba. Waɗannan bayin Allah lafiya suke nema da nishaɗi, ba da gudu suke cin abinci ba. Abin da suke yi kuwa abin yabo ne ƙwarai, gama Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarin da ta bayar a shekarar 2020, ta ce ya kamata kowane baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na motsa jiki mai ƙarfi irin gudu.

To, amma zuciyar ɗan Adam ba ta son tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya yi wata shida yana sassarfa, wata rana sai ya dubi agogo ya ga kullum minti 35 yake ci kafin ya gama kilomita 5, ya shiga tunanin yadda zai rage. Wani kuwa so yake ya shiga gasa, kamar gudun famfalaƙi na Ikko wanda aka fara a 2016, ko tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo wanda aka fara a 2013. A nan ne da yawa suke yin kuskure. Sai mutum ya ɗauka maganin rashin sauri shi ne ya riƙa sheƙawa iyakar ƙarfinsa kowace safiya. Kafin mako uku ƙwauri ya ɗauki ciwo, gwiwa ta kumbura, ya koma gida ya rataye takalmi, ga shi bai sami saurin ba, sassarfar ma ta gagara. Zafin nema ba ya kawo samu.

Manufar wannan lacca ita ce a bayyana wa jama'a cewa sauri abu ne da ake koya wa jiki da awo, kamar yadda ake shan magani da awo: a ba jiki wahala kaɗan, a ba shi hutu, sa'an nan a sake.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Idan mutum yana gudu, tsokar ƙafafunsa tana bukatar iskar oksijin domin ta ƙona abincin da ke ba ta ƙarfi. Huhu ne ke shaƙo iskar, jini ya ɗauke ta, zuciya ta harba jinin zuwa tsoka. Muddin gudun na sassarfa ne, iskar da ke isowa takan wadatar. Da zarar an ƙara sauri ƙwarai, bukatar tsoka takan zarce abin da ke isowa, sai haki ya tashi, ƙafafu su yi nauyi, tilas mutum ya sassauta.

Atisayen sauri yana matsa wa jiki ne zuwa bakin wannan iyaka na ɗan lokaci. Jiki kuwa yakan rama ta hanyar gyara kansa. Zuciya takan ƙara yawan jinin da take harbawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini su yawaita a cikin tsoka, ƙafa kuma ta koyi taka ƙasa da tashi ba tare da ɓarnar ƙarfi ba. Amma fa wannan gyara a lokacin hutu da barci yake aukuwa. Wanda ya hana jikinsa hutu ya sha wahalar ne kawai, ribar ta wuce shi.

Akwai kuma wani abu da ya wajaba a riƙe. Zuciya da huhu sukan ƙarfafa cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara, sai sun yi watanni. Saboda haka mutum yakan ji numfashinsa ya isa ya ƙara sauri alhali kuwa ƙafafunsa ba su shirya ba. Yawancin raunukan masu gudu daga wannan tazara suke fitowa.

Inda dabarar ta samo asali

A cikin shekarun 1930 wani mai horar da 'yan wasa a Jamus, Woldemar Gerschler, ya tsara horon da ake rarraba gudu gajere-gajere da hutu a tsakani, ya kuma yi aiki tare da wani likitan zuciya mai suna Herbert Reindell wajen auna abin da horon ke yi wa zuciya. Ka'idarsu ita ce ɗan wasa ya yi gudu har bugun zuciyarsa ya kai kamar 180 a minti, sa'an nan ya dakata har ya sauko kamar 120 kafin ya sake. Almajirin Gerschler, Rudolf Harbig, ya yi gudun mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 46.6 a 1939, ba a kuwa sami wanda ya karya wannan bajinta ba sai a 1955.

A wannan zamani ne kuma Gösta Holmér na ƙasar Suwidin ya fito da tasa dabarar wadda ya kira fartlek, watau wasa da sauri a harshensu. Daga baya Emil Zátopek na Cekoslobakiya ta wancan lokaci ya shahara da maimaita gudun mita 400 sau da yawa, har ya ci zinariya uku a wasannin Olamfik na Helsinki a 1952: mita 5,000, da mita 10,000, da famfalaƙi.

Amma misalin da ya fi dacewa da ma'aikaci shi ne na Roger Bannister na Ingila. Shi ɗalibin aikin likita ne, ba shi da lokaci sai ɗan hutun tsakar rana. A ciki yakan yi zagaye goma na yadi 440, da hutun minti biyu tsakanin kowane zagaye. Ranar 6 ga Mayu 1954 ya zama mutum na farko da ya gama mil ɗaya, watau mita 1,609, cikin ƙasa da minti 4. Darasin a nan shi ne ɗan lokaci kaɗan mai tsari yana isa.

Sharuɗɗa kafin a fara

Na farko, a kafa tushe. Kada mutum ya soma atisayen sauri sai ya yi wata biyu ko uku yana sassarfa aƙalla sau uku a mako, ya kuma iya yin minti 30 bai tsaya ba.

Na biyu, a ga likita. Wannan wajibi ne ga wanda ya haura shekara 40 bai saba gudu ba, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai asma, da mace mai juna biyu, da wanda a danginsa aka taɓa samun mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya tun da ƙuruciya. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, sai an auna.

Na uku, kowa ya san irin jininsa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da gadon sikila, watau AS. Mai AS lafiyayye ne, ba a kuma hana shi gudu ba. Sai dai idan gudu mai tsanani ya haɗu da zafin rana da ƙishirwa, ba hutu a tsakani, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini, tsoka ta lalace, mutum ya faɗi. Abin ba ya yawan aukuwa, amma ya taɓa cin rayukan kuratan soja da 'yan wasa a Amurka, har ya sa tun 2010 hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta soma neman 'yan wasan manyan jami'o'i su san matsayin jininsu. Mai AS ya ƙara atisaye sannu a hankali, ya tsawaita hutunsa, ya sha ruwa, kada kuma ya yarda a zuga shi ya ci gaba bayan jikinsa ya ce a tsaya. Mai SS kuwa kada ya yi kome sai da izinin likitansa.

Yadda ake auna wahala

Ba sai an sayi agogo mai tsada ba, baki ma ma'auni ne. Gudu hawa uku ne. Hawa na ɗaya shi ne wanda mutum zai iya hira da abokin tafiyarsa ba tare da yankewar numfashi ba. Hawa na biyu shi ne wanda zai iya faɗin kalma uku ko huɗu kawai kafin ya ja numfashi. Hawa na uku kuwa ko gaisuwa da ƙyar zai amsa.

Wani masani ɗan Amurka mai aiki a Norwe, Stephen Seiler, ya bincika horon manyan 'yan wasan dogon zango, ya tarar kimanin kashi 80 cikin ɗari na atisayensu a hawa na ɗaya suke yinsa. In haka gwanaye suke yi, mai gudun nishaɗi ba shi da dalilin wuce su. Rana ɗaya ta sauri a mako ta ishe shi a farko, in ya ƙware ya mai da ita biyu.

Wanda yake son auna bugun zuciya sai ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ya ƙirga na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. Bugu 30 ke nan ya zama 120 a minti. A lura fa, 180 ɗin nan na Gerschler na samari ne 'yan wasa. Iyakar bugun zuciya tana raguwa da shekaru, saboda haka dattijo kada ya bi wannan adadi.

Atisaye iri biyar

Kowane ɗaya daga cikinsu ana fara shi da sassarfa ta minti 10 zuwa 15 domin jiki ya ɗumama, a kuma rufe shi da wata sassarfar ta minti 10.

1. Zabura. Wannan shi ne ƙofar shiga. Bayan an gama sassarfa, a sami fili mai laushi, a yi gudun mita 80 zuwa 100, watau kamar tsawon filin ƙwallon ƙafa. A fara a hankali, a ƙara sauri har a kusa kaiwa iyaka a tsakiya, sa'an nan a sassauta. A dawo da tafiya, a sake, sau huɗu zuwa shida. Kafaɗu su saki, hannuwa su riƙa kaɗawa gaba da baya, ƙafa kuma ta riƙa sauka ƙarƙashin jiki, kada a miƙa ta can gaba a dira da diddige. Zabura ba ta gajiyar da mutum, aikinta koya wa ƙafa sauri.

2. Wasa da sauri. Wannan ita ce dabarar Holmér, ba ta bukatar fili ko ma'auni. Mutum yana cikin sassarfa sai ya zaɓi wata alama a gabansa, ko falwaya ta uku, ko wata bishiyar darbejiya, ya ƙara sauri har ya kai ta, sa'an nan ya koma sassarfa har numfashi ya daidaita. Mai agogo yana iya yin minti ɗaya da sauri, minti biyu a hankali, sau shida.

3. Gudun zango-zango. Wannan shi ne gadon Gerschler da Bannister, shi ne kuma ya fi bukatar lissafi. Zagaye ɗaya na filin tsere, irin na filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna, mita 400 ne. Inda babu irinsa, kewayen cikakken filin ƙwallo yana kusan mita 350, ya wadatar. Alal misali, wanda yake gama kilomita 5 cikin minti 30 yana cin minti 6 a kowane kilomita, watau minti 2 da daƙiƙa 24 a mita 400. To, sai ya yi kowane zagaye cikin kamar minti 2 da daƙiƙa 15, ya huta da tafiya ko sassarfa na minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Ya fara da zagaye huɗu ko biyar, ya riƙa ƙara ɗaya-ɗaya har ya kai takwas ko goma. Sirrin wannan atisaye shi ne zagayen ƙarshe ya yi daidai da na farko. Wanda ya yi na farko cikin minti 1 da daƙiƙa 50, na biyar kuwa ya ja ƙafa cikin minti 3, ya ɓata aikin. Ya kamata mutum ya tashi daga fili yana jin da sauran zagaye ɗaya ko biyu a jikinsa.

4. Gudun ɗorewa. Shi wannan a hawa na biyu ake yinsa, ba tsayawa, na minti 15 zuwa 20. Saurinsa shi ne wanda mutum zai iya riƙewa na kimanin sa'a guda in da gasa ce. Ga mai minti 30 ɗin nan, kamar minti 6 da daƙiƙa 20 ke nan a kilomita. Amfaninsa shi ne yana matsar da iyakar da ƙafafu ke fara nauyi zuwa gaba, ya kuma koya wa zuciya haƙuri. Mai shirin tseren kilomita 10 ko fiye ba shi da abokin da ya fi shi.

5. Hawan tudu. A sami tudu marar tsananin tsayi, a hau da ƙarfi na daƙiƙa 20 zuwa 40, a sauko da tafiya, sau biyar zuwa takwas. Yana ƙarfafa cinya da sha-raɓa. Mutanen Jos da Abuja ba su da matsalar samun tudu. A ƙasa mai shimfiɗa kuwa hawan gada ko gangaren madatsar ruwa yana iya maye gurbinsa, muddin babu haɗarin mota. Mai ciwon agara ya bar wannan atisaye sai ya warke.

Tsarin mako

Ga wanda yake gudu sau huɗu a mako, ga misalin da zai iya bi. Talata, atisayen sauri. Alhamis, sassarfa ta minti 30 zuwa 40. Asabar, doguwar sassarfa ta minti 50 zuwa 60. Lahadi, sassarfa ta minti 30 ko tafiya. Sauran kwanakin hutu ne. Kowa yana iya sauya ranakun bisa ga aikinsa, sai dai a bar aƙalla sa'a 48 tsakanin atisaye mai tsanani da wani.

A mako na 1 da na 2 zabura kawai za a yi. A na 3 a shiga wasa da sauri, a na 4 a rage kome da kome domin jiki ya farfaɗo. A na 5 da na 6 a yi gudun zango-zango, a na 7 gudun ɗorewa ko hawan tudu. A na 8 a sake ragewa, sa'an nan a gwada kilomita 5 a dubi agogo. Mai niyyar shiga gasa ya ƙirga makonnin nan baya daga ranar gasar, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Yana da kyau kuma mutum ya ajiye ɗan littafi yana rubuta abin da ya yi kowace rana da yadda jikinsa ya ji.

Yanayin ƙasar nan

Yawancin dabarun nan a ƙasashen sanyi aka tsara su, tilas a daidaita su da yanayin Nijeriya. A Arewa da bazara zafi yakan haura digiri 40, a Kudu kuwa iska tana da laima, gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki. Saboda haka a yi atisayen sauri da sanyin safiya ko bayan rana ta yi sanyi, a sa tufafi marasa nauyi, a rage sauri ranar da zafi ya tsananta. Wanda ya sauya gari zuwa wuri mafi zafi ya ba jikinsa kwana 10 zuwa 14 ya saba. A sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki.

Da hunturu, ranar da ƙura ta yi yawa, gara a ɗage atisayen, musamman ga mai asma. Mai azumi ya bar gudu mai tsanani sai bayan ya sha ruwa abinci ya faɗa masa. Wanda zazzaɓi ya kama kada ya yi gudu sam sai ya warke sarai, in ya dawo kuma ya fara da sassarfa. Filin ciyawa da hanyar burji sun fi kwalta sauƙi ga ƙafa. In tilas sai titi, a riƙa fuskantar motoci masu zuwa, a sa riga mai haske. Takalmin kambas kuwa ya zama daidai ƙafa, wanda ƙasansa bai cinye ba.

Alamomin da ke cewa a tsaya

Tsamin jiki na kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon atisaye ba abin tsoro ba ne, tsoka ce take gyara kanta. Amma ciwon da ke wuri guda a ƙashi ko gaɓa, wanda ke ƙaruwa da gudu ko ya sa ɗingishi, yana bukatar hutu, in ya ƙi tafiya a je asibiti. Rashin barci, da rashin son abinci, da gajiyar da ba ta wucewa, alamu ne cewa atisayen ya yi yawa.

Waɗansu alamu kuwa ba a jira da su ko minti ɗaya: ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, jiri ko suma, bugun zuciya marar tsari, raunin ƙafafu farat ɗaya, fitsari mai kalar baƙin shayi bayan gudu. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya tsaya nan take, a kai shi asibiti. Idan mai gudu ya ruɗe, yana tangaɗi ko sambatu cikin zafi, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, ana kuma neman mota. Sanyaya jikinsa da gaggawa shi ne abin da zai ceci ransa. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ya fi kyau a yi atisayen sauri tare da abokai.

Kira ga jama'a

Ana roƙon shugabannin ƙungiyoyin motsa jiki, da malaman wasanni a makarantu, su kula da waɗanda ke ƙarƙashinsu. Kada a haɗa sabon shiga da tsohon hannu a ce su yi sauri ɗaya, kada kuma a yi wa wanda ya tsaya dariya. Kowane mai gudu da agogonsa yake gasa, abin da zai nema ya wuce shi ne lokacin da ya yi a watan jiya. Wanda ya rage minti ɗaya cikin wata biyu, ƙafarsa lafiya, zuciyarsa lafiya, ya ci riba, gama gobe ma zai fita. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ƙara wa jama'a lafiya.